Gamba da Hantar Ƙasa: Tsiron da Muka Raɗa wa Suna da Wanda Muke Takawa

Gaisuwa ga mutanen Lafiya da kewaye, da na Doma da Obi da Keana da Awe, da masu kama mu daga tuddan Nasarawa Eggon da Akwanga har zuwa Wamba. Shirinmu na yau a kan tsirrai biyu ne da ke zaune maƙwabtan juna a dajin jihar Nasarawa. Na farko kowa ya san shi, domin da shi ake saƙa zana, wato gamba. Na biyu kuwa, manomin da ya shekara hamsin yana noma zai iya cewa bai taɓa ganinsa ba, alhali babu daminar da ba ya taka shi. Wani ɗan koren abu ne da ke manne da ƙasa, faɗinsa bai fi farcen babban yatsa ba, yana rarrabuwa biyu-biyu har ya zama kamar ɗan faifai. Masana suna kiransa Riccia. Turawa sun raɗa wa danginsa gaba ɗaya suna mai nufin ganyen hanta, saboda wasu daga cikin dangin suna da ɓangarori masu kama da na hanta. Mu kuwa duk koren da ya manne da ƙasa ko bango ko randa, gansakuka muke ce masa. A shirin nan zan kira shi hantar ƙasa, don mu raba shi da gansakukar randa da ta tafki.

Maganar da nake so in kafa ita ce: yadda tsiro ke haihuwa shi ke nuna inda zai iya zama, inda zai iya zama kuma shi ke nuna abin da zai kashe shi da abin da zai tsare shi. Saboda haka rabe-raben dangogin tsirrai da ake koya wa ɗalibai yana da amfani ga mai gona da mai unguwa da malamin daji, ba ga mai zana jarrabawa kaɗai ba. A ƙasar nan da zarar an ce kare muhalli, abin da ke zuwa a ran mutane shi ne dashen itace. Dashen itace alheri ne, ba ni da ja a kansa. Sai dai ba ya ƙara wa gamba komai, ba ya ƙara wa hantar ƙasa komai, in ma an dasa a inda bai dace ba, inuwar itacen sai ta kashe su duka. Gamba tana bukatar a ci moriyarta bisa ƙa'ida, hantar ƙasa kuma tana bukatar a bar mata mazauninta. Magani biyu ne daban, kuma dalilin bambancin yana cikin halittarsu.

Mu fara da gamba, tunda ita muka sani. Tana cikin babban dangin ciyawa da masana ke kira Poaceae, mai jinsi kusan 12,000 a duniya. Gero da dawa da masara da shinkafa da alkama da acca da rake, har da gora, duk 'yan gidan nan ne, wato abincinmu kusan gaba ɗaya ciyawa ne. A cikin gidan ma akwai ɗaki-ɗaki. Gamba ɗakinsu ɗaya da dawa da masara da rake da tofa, shi kuwa gero yana wani ɗakin tare da kyasuwa da ƙarangiya. Wani masanin tsirrai Bajamushe mai suna Kunth ne ya rubuta ta a 1833 da sunan Andropogon gayanus. Kalmar farko daga harshen Girka take, tana nufin gemun namiji, saboda gashin nan mai laushi da ke fitowa a kanta da kaka. Amma sunan da duniya ta fi saninta da shi namu ne, domin daga Burazil har Ostireliya gamba ake ce mata. Bahaushe bai yi wa ciyawa rowar suna ba. Likitan nan ɗan Sikotilan, Dalziel, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, kuma duk wanda ya tashi a karkara zai iya jero irin sunayen da kansa: gamba, tofa, kyasuwa, harƙiya, jema, tsaure, guɗe-guɗe, burburwa. Kowace da aikinta, shi ya sa kowace da sunanta.

Abubuwa uku a jikin gamba suka sa ta zama mai juriya. Tana da saiwa ta gaske, wata tana bazuwa a sama tana kama yayyafi, wata mai kauri tana ajiye abinci, wata tana nutsawa ƙasa neman laima, sa'an nan a cikin karanta akwai jijiyoyin da ke ɗaga ruwa har tsawon mita uku ko fiye. Na biyu, wurin tohonta a gindi yake, dab da ƙasa, don haka lauje ya yanke ta, saniya ta cinye ta, wuta ta lashe ta, sai ta sake fitowa. Na uku kuma, wanda ya fi muhimmanci ga zancenmu, haihuwarta ba ta jiran ruwa. Idan kwana ya fara gajarta wajen Oktoba da Nuwamba sai ta yi kai, iska ta kwashi bununinta daga wannan gindi zuwa wancan, a sami iri mai ɗauke da ɗan tsiro da guzurinsa a cikin kwasfa. Ana iya tara irin nan a buhu, a ajiye, a kai shi wata ƙasa. Ana kuma iya tsaga gindi guda a dasa a wurare da yawa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Hantar ƙasa kuwa ba ƙaramar ciyawa ba ce da ta kasa girma. Nisan da ke tsakaninta da gamba ya fi nisan da ke tsakanin gamba da kuka ko ɗorawa ko giginya, domin waɗannan duka masu fure da iri ne. Ita tana cikin wani rukuni dabam, Marchantiophyta, mai jinsi sama da 7,000. Ba ta da saiwa, sai wasu siraran gashi da take riƙe ƙasa da su. Ba ta da jijiyar ɗaga ruwa, shi ya sa ba ta tashi tsaye, jikinta ne ke shan laima kai tsaye. Ba ta fure, ba ta iri. Masana suna ƙiyasta cewa irin waɗannan tsirrai suna cikin na farkon da suka zauna a doron ƙasa, domin a ƙasar Ajantina an sami burbushin ƙurar haihuwa mai kama da tasu a cikin duwatsun da aka ƙiyasta shekarunsu da miliyan 470. Dangin ciyawa kuwa a bisa lissafin masanan shekarunsa wajen miliyan 100 ne. Sunan Riccia kuwa an ɗauko shi ne daga sunan wani mutumin Italiya, Ricci, kuma Linnaeus, wanda ya tsara hanyar raɗa wa halittu suna da Latin, ya tabbatar da shi a 1753.

Ku ba ni aron hankalinku a nan, domin a haihuwarta sirrin yake. A jikin ɗan koren faifan nan akwai ƙananan ramuka, wasu na ɗauke da ƙwayar namiji, wasu na ɗauke da ƙwai. Ƙwayar namijin tana da wutsiya, iyo take yi, kuma ba ta da hanyar isa wurin ƙwai sai ta cikin ruwan da ya lulluɓe jikin tsiron bayan an yi ruwan sama ko raɓa mai nauyi. In babu wannan ruwa a lokacin da ya dace, babu haihuwa a wannan shekara. In an dace, sai wani ɗan ƙullutu ya ginu a cikin naman uwar, cike da wata ƙura mai rai wadda ke zaman iri a wurinta. Yawancin 'yan uwanta suna ɗaga ƙullutun a kan ɗan sanda don iska ta kwashi ƙurar. Riccia ba ta da sandan. Ƙullutun yana nan binne a jikinta har sai tsohon ɓangaren ya ruɓe ko ya tsage, sa'an nan ƙurar ta zube a ƙasa. Ƙurar tata kuma manya-manya ce idan aka gwada da ta danginta, ba ta tashi sama da sauƙi, sai dai kwararar ruwa ta tura ta, ko ta maƙale a kofaton dabba ko ƙafar tsuntsu. Ma'anar wannan ita ce, galibi inda uwa ta zauna nan 'ya'ya ke tsira, kuma taskar irinta gaba ɗaya tana cikin ɗan saman ƙasar da bai kai kaurin yatsa ba. Wanda ya kankare wannan sama ya kwashe rumbun da tsabar da ke ciki.

Daga nan sai mu fahimci mazaunin kowace. Ƙasar Lafiya tana cikin dajin da ke tsakanin kurmin kudu da sararin arewa, damina daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, sa'an nan rani mai tsawo da hunturu. Gamba tana son fili mai rana da ƙasa mai zurfi: saura, da gefen hanya, da iyakar gona, da tudun bakin fadama. Manoma a sassa da yawa na Afirka ta Yamma suna ɗaukar dawowarta a saura alamar ƙasa ta huta, ta isa a sake yin kunyar doya. Idan kuwa aka matsa wa ƙasa da noma da ƙuna ba hutu, sai tofa ta mamaye, kuma manomin doya ya san wahalar tofa. Hantar ƙasa tana zama ne a inda gamba ta kasa. Za ka same ta a 'yar ƙasar da ta taru a kwarmin falalen dutse, inda saiwa ba ta da wurin shiga, da fakon da ruwa ke kwanciya kwana biyu ya janye, da lakar bakin rafi bayan ambaliya ta sauka, da gefen turba mai laima. Duwatsun Eggon da na Mada da bakin kogin Mada suna cike da irin waɗannan wurare, kamar yadda duwatsun da feshin Farin Ruwa ke jiƙawa a Wamba suke irin mazaunin da sauran danginta masu son laima ke nema. Idan rani ya shigo, wasu jinsunan sai su mutu su bar ƙurarsu ta jira damina. Wasu kuma sai su naɗe gefensu ciki, su bushe ƙarau, su yi baƙi-baƙi kamar tabon ƙasa, ranar da ruwa ya sauka kuwa cikin sa'o'i kaɗan su buɗe su koma kore. Gamba tana tsallake rani ne da zurfin saiwa, hantar ƙasa kuma da iya bushewa ba tare da mutuwa ba. A cikin duhun gamba hantar ƙasa ba ta rayuwa, inuwa da busasshen ganye za su rufe ta. Daji mai lafiya shi ne wanda ke da duka biyun, nan duhuwar ciyawa, can falalen dutse da fako.

Yanzu zan ɗauki hujjojin da na san mai hankali zai kawo.

Hujja ta farko ita ce, wace irin kariya gamba ke bukata, abin da ya cika daji har ya zama annoba a wasu ƙasashe? Gaskiya ne, kuma labarin ya cancanci a ji shi. A shekarun 1970 an ɗauki irin gamba daga tashar bincike ta Shika kusa da Zariya zuwa ƙasar Kolombiya. A 1980 aka fitar da shi ga makiyaya, a Kolombiya da sunan Carimagua 1, a Burazil da sunan Planaltina, domin yana jure ƙasa mai tsami marar taki da rani mai tsawo. Ostireliya kuwa tun 1931 aka shigar da gamba don kiwo. A arewacin ƙasar ta fice daga gonakin shanu ta shiga daji, inda ciyawar asali gajera ce. Bincike ya nuna wutar da ke ci a cikinta tana iya ninka ta ciyawar asali zafi har sau takwas, tana cinye itatuwa har sama. A 2008 Yankin Arewa na ƙasar ya ayyana ta a matsayin muguwar ciyawa, a 2012 kuma ta shiga jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. Amma me wannan ya nuna? Ya nuna abin da na ce ku riƙe, cewa mai iri yana iya ƙetare teku. Ya kuma nuna cewa gamba tana zama lafiya ne a inda ake yankanta, ake kiwonta, kuma sauran halittun wurin suka saba da ita. A can ta tarar da daji babu mai lauje, sai ta yi tsayi ta bushe ta zama makamashi. Yawanta a bayan teku bai ce komai ba game da halin da take ciki a gida.

A gida kuwa akwai darasi daga arewa. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980, tare da yawan kiwo da faɗaɗa gonaki, gamba ta ja baya daga wurare da dama na Sahel inda da take fitowa da kanta. Yau a ƙasar Maraɗi da kewaye manoma ke barinta ko dasa ta a iyakar gona da gangan, tana tare iska da rairayi, suna yanka su saƙa zana su kai kasuwa. Abin da da ake samu kyauta ya koma abin renon hannu. Hausawa na cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, kuma mu da ke zaune tsakanin garuruwan biyu mun fi kowa cancantar jin wannan magana. Abubuwan da ke kashe gamba sanannu ne, kuma duk suna nan tare da mu. Saura ta gajarta saboda mutane sun yi yawa, ƙasa ba ta ƙaru ba. Maganin feshi da ake kashe ciyawa da shi yana bin ganye ya sauka har gindi, ya yi abin da wuta da lauje suka kasa. Kiwo ba hutu a tsakiyar damina yana ƙarar da abincin da ta ajiye a saiwa, ya kuma hana ta yin kai. Ƙunar daji ta ƙarshen rani da masu farautar gafiya da zomo ke sakawa, ko da gamba ta tsira, tana kashe ƙananan itatuwa ta bar ƙasa tsirara ga ruwan farko. Maganin ba mai tsada ba ne: a bar layin gamba a iyakar gona kada feshi ya taɓa shi, a jinkirta yanka har iri ya zuba, in ƙuna ta zama dole a yi ta da farkon rani lokacin da ciyawa ke da sauran laima. Wuraren kiwo da gwamnati ta keɓe, irin na Awe, su ne suka fi dacewa da shuka ta, domin tana cikin ciyayin da ke fara toho da ruwan fari, daidai lokacin da shanu suka fi yunwa. Ba zan ce ciyawa kaɗai za ta kashe rikicin manoma da makiyaya ba, amma ƙarancin abin kiwo yana cikin itacen da ke rura wutar.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Wani zai ce, gamba mun ji, tana ba mu zana da jinka da abincin dabba, to ita wannan hantar ƙasa me take ba mu, ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro? Ba zan yaudare ku ba. Ba a cinta, ba a sayar da ita, kuma kamarta da hanta ba ta sa ta zama maganin ciwon hanta ba, kada wani ya ji shirin nan ya je ya jiƙa ya sha. Aikinta a ƙasa yake. Ita da wasu ƙananan halittu, ciki har da masu jawo sinadarin taki daga iska, su ke haɗuwa su yi wa ƙasa wata siririyar fata mai rai. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya ƙiyasta cewa irin wannan fata ta rufe kusan kashi 12 cikin ɗari na doron ƙasar duniya. Fatar nan tana ɗaure ƙwayoyin ƙasa, ta rage dukan ɗigon ruwa, ta hana iska kwashewa. A kan dutse kuwa tana cikin masu tara ƙura da ruɓaɓɓen abu kaɗan-kaɗan har a sami ƙasar da ciyawa za ta iya kamawa. Duk wanda ya ga yadda zaizaya ke cin unguwanni da hanyoyi a Lafiya ya san cewa kwazazzabo daga tsirarar ƙasa yake farawa. Bayan haka, ilimin da ake gyara irin shuka da shi yana amfana da dangin nan: a 2017 aka kammala karanta kundin gadon halittar 'yar uwarta Marchantia, kuma ɗakunan bincike a ƙasashe da dama suna amfani da ita don gane yadda tsirrai ke girma da yadda suke jure fari. Ko da duk wannan babu, ni a ganina halittar da Allah Ya ajiye a ƙasarmu amana ce, kuma rashin sanin amfanin abu ba izinin hallaka shi ba ne.

Hujja ta uku daga masu ilimin abin za ta fito. Za su ce ai Riccia tana son wurin da aka taɓa, tana fitowa a gefen turba da cikin gona da farfajiyar makaranta, to me zai same ta? Na yarda da rabin maganar. Akwai jinsunan da suka bazu a Afirka da wajenta, waɗanda taka su sama-sama ba ya cutar da su, yana ma buɗe musu fili. Waɗannan ba su ne abin damuwa ba. Amma jinsin Riccia sun haura 150, kuma ba halinsu ɗaya ba. Wadda ta saba da kwarmin dutse ba za ta koma gona ba idan aka fasa dutsen. Akwai bambanci tsakanin sawun akuya da bakin katafila: na farko yana motsa ƙasa ya bar ƙurar irin a wurin, na biyu yana kwashe ƙasar da dutsen da ke ƙarƙashinta. A Turai, inda aka daɗe ana ƙirga waɗannan tsirrai, rahoton da Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna kashi 22.5 cikin ɗari na jinsunan wannan rukuni da makusantansa suna fuskantar barazanar ɓacewa. Sun san haka ne saboda sun ƙirga. A yankinmu babban littafin da ake dogara da shi wajen gane su shi ne wanda aka gina a kan aikin Eustace Jones, malamin ilimin daji na Jami'ar Okusfod, wanda ya fara zuwa Najeriya a 1947. A 1957 ya bayyana wani jinsi ya raɗa masa sunan ƙasar nan, Riccia nigerica. Ya rasu a 1992, littafin bai fito ba sai 2004, a ƙasar Beljiyam. Tsiro yana ɗauke da sunan Najeriya, amma aikin saninsa ya rataya a wuyan mutane ƙalilan, yawancinsu baƙi. Wannan abu yana damuna, kuma ya kamata ya dami duk mai koyar da ilimin tsirrai a jihar nan.

Saura hujjar masu fasa dutse da haƙar ma'adinai. Jihar Nasarawa tun da aka ƙirƙiro ta a ranar 1 ga Oktoba 1996 take alfahari da ma'adinanta, daga gishirin Keana da Awe zuwa farin dutsen Azara, ga kuma lithiyom da ake rububinsa yanzu. Tsakuwa ake gina gida da titi da ita, matasa da mata da yawa da ita suke ci. Ba na kiran a hana. Abin da nake cewa shi ne, tun 1992 akwai doka mai lamba 86 da ta wajabta auna illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Idan mai aunawa ya je wurin a watan Fabrairu, zai ga dutse tsirara ya rubuta cewa babu komai, alhali mazauna wurin suna nan a naɗe suna jiran ruwa. A yi binciken da damina, a sa wanda ya san ƙananan tsirrai a cikin tawagar, kuma a kowane jerin duwatsu a ware wasu da ba za a taɓa ba. Gamba in ta ɓace a wuri, da buhun iri da damina biyu ko uku za a iya mayar da ita. Dutsen da aka mayar tsakuwa babu mai sake dasa shi.

Kirana na farko ga malamai da ɗaliban Jami'ar Tarayya da ke Lafiya, da Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Shabu, da Kwalejin Aikin Gona. Tattara hantar ƙasa ba ya bukatar kuɗi mai yawa: wuƙa, da ambulan takarda, da madubin ƙara girma, da rubuta wuri da rana. Agusta zuwa Oktoba ne lokacinsa, sa'ad da ƙurar irin ta nuna, domin da zanen da ke jikin ƙurar ake bambance jinsi da jinsi. A ajiye samfuri a nan gida, a aika wani zuwa ma'ajiyar tsirrai ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan ko ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ku tambayi dattawan Eggon da Alago da Mada da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani me suke kiran waɗannan ƙananan tsirrai, ku rubuta kafin masu sanin su ƙare. Iyayenmu sarakuna da hakimai da masu unguwa, a hannunku rabon ƙasa yake, kuma kalmarku guda ta isa ta hana a ƙona daji a ƙarshen rani, ta kuma tsare dutse guda a kowace gunduma.

Kai kuma mai sauraro, manomi ko makiyayi ko ɗan makaranta, idan aka yi ruwa kwana biyu a jere, ka je falalen dutse mafi kusa da kai, ka durƙusa ka duba 'yar ƙasar da ke kwarminsa. In ka ga ɗan koren faifai mai rarrabuwa biyu-biyu, ita ce. Ka nuna wa yaranka, ka bar ta a inda take. In za ka yi feshi bana, ka tsallake layin gambar da ke iyakar gonarka.